Shekarar da Ƙasa Ta Yi Motsi a Mashigin Kanya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ruwa ya kuma shimfiɗa ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da na ji a zaman makokin abokin aikina Ɗan Tani, Allah ya jiƙansa. Muna zaune kan tabarma a ƙofar gidansa, sai wasu samari 'yan acaɓa suka zo gaisuwa. Bayan an shafa fatiha, ɗaya daga cikinsu ya tambayi sana'ar marigayin. Aka ce masa fito yake yi da gora. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe dai wanka ne ake biyansu su yi." Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma ban tanka ba, don wurin ba na tankawa ba ne. Amma maganar ta biyo ni gida. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka zan faɗi abin yadda na iya, ku kuma samari ku karanta da haƙuri.

Sunana Mamman. Mashiginmu yana bakin gulbin da ya ratsa ƙasar Jibiya ya gangara Nijar, kuma ana ce masa Mashigin Kanya saboda wata tsohuwar kanya da ke kan gaɓa. Da rani yashi ne zalla, jaki ma takawa yake ya wuce. Da damina kuwa, in ruwa ya kawo, mutumin Mazanya ko Daddara da ke son cin kasuwar Jibiya, ko dai ya yi doguwar zagaya ta gada, ko ya zo hannunmu. Akwai kuma 'yar hanyar ƙafa daga wancan ƙetaren da ke bi ta gonaki ta ɓulla ƙauyukan Nijar ba tare da ta ratsa Magama ba, inda kwastan namu da duwan, wato kwastan na Nijar, suke. Saboda haka ba mu rasa mutane.

Aikin farko da kawuna Baba Alu ya ba ni, shi ne ƙwanƙwasa gora. Shi ne Sarkin Fito a lokacin. Ni da Ɗan Tani muka je masa rana ɗaya, muna zaton za mu faɗa ruwa, sai ya jera mana goruna a inuwar kanya ya ce mu zaɓo mai tsaga. Goran fito ba irin na fura ba ne. Ƙato ne, babban mutum ba ya iya haɗa hannu a bayansa. Ana toshe bakinsa da itace a liƙe da danƙo, iskar da ke ciki ita ke ɗaukar mutum. In akwai tsaga ko da kamar silin gashi ce, a tsakiyar gulbi za ka sani, kuma sanin ba zai amfane ka ba. Ido ba ya ganinta, sai kunne. Lafiyayyen gora in ka buga shi da ƙashin yatsa zai amsa maka da murya cikakkiya, ta ɗan jima tana yawo a ciki. Mai tsaga kuwa muryarsa a shaƙe take, kamar ta mai mura. Ni na sha rankwashi kafin in gane wannan. Ɗan Tani tun makon farko yake rufe ido ya faɗi sunan kowane gora daga ƙararsa, don kowanne da sunansa. Wanda ya fi so shi ne Barde, wani baƙin gora mai ɗan karkataccen wuya, muryarsa kamar ta babban tambari.

Damina guda muka yi muna wanke goruna muna shafa musu man gyaɗa, muna kai wa gyartai masu bukatar ɗinki, kafin a bar mu mu tura ko da buhun dawa.

Na tuna mutum na farko da na ƙetarar. Wani mai sayar da kaji ne, ya ɗaure su a kai cikin akurki. Ka'ida ita ce mutum ya rungumi gora da ƙirjinsa, kayansa a sa cikin masaki, wato babbar ƙwarya, a ɗaura da igiya, kai kuma kana baya kana turawa da hannu ɗaya kana iyo da sauran jikinka. Ba a tsallaka gulbi miƙe. Sai ka hau sama da inda kake so ka fita, ka shiga, ka bar ruwa ya yi rabin aikin, kai naka karkatarwa ne. Wannan mutum ya ƙi yarda a sa kajinsa a masaki. Muna kaiwa tsakiya zakara ya yi cara a kansa, ya firgita ya saki gora ya kama wuyana. Nan na koyi abin da Baba Alu ya sha faɗa mana, cewa ruwa ba shi ne abin tsoro ba, mai jin tsoron ruwa shi ne abin tsoro. Na nutse da gangan, ya sake ni ya koma ga gora. Muka fita, ni da shi da kaji, ba wanda bai sha ruwa ba.

Daga ranar na gane baki ma kayan aiki ne. Dole ka riƙa yi wa mutum hira har ya manta inda yake. A nan ba wanda ya kama ƙafar Ɗan Tani. Akwai Ladi mai daddawa daga Mazanya, taubashiyarsa ce, duk ranar kasuwa sai ta zo, kuma duk ranar kasuwa sai sun yi.

"Ladi, riƙa da kyau, Barde ya ce kin ƙara nauyi."

"Ɗan nema! Tuwon gidanku nika ci? Tura ni dai, kwaɗo."

"Kwaɗon ga shi ka kai ki kasuwa."

"In ka jiƙa mani daddawa, wallahi kai zan jiƙa in daka."

Haka za su yi ta yi har su fita, ba ta san an wuce wuri mai zurfi ba. Rannan ya kamu da zazzaɓi ni na tura ta, na yi shiru ina aikina, sai ta fara salati tana kuka a tsakiyar ruwa. Da muka fita ta ce ni ban iya fito ba.

Akwai kuma sauraron gulbi, wanda shi ya fi kusa da abin da nake so in ba ku labari. Wani lokaci a Jibiya ko gajimare babu, amma an yi ruwa mai yawa can kudu, gulbi na tafe ba wanda ya sani. Mai fito yana kifa ƙwarya kan yashi, ya ɗora kunne a bayanta. In ruwa na tafe za ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa, tun ido bai ga komai ba, har gefen ƙwaryar ya riƙa yi maka kaikayi a kunci. Sai ka tashi ka kori masu ɗibar yashi da mata masu wanki a rijiyoyin gulbi. To, ni tun ina saurayi na san ruwa yana kaɗa ƙasa kaɗan. Abin da ban sani ba shi ne iyakar ƙarfinsa.

Maƙiyan gora biyu ne, rana da gara. Saboda su kakanninmu suka haƙa rami a jikin gaɓa, daga ɓangaren gulbi, sama da inda ruwa ya saba kaiwa. Bakinsa ƙarami ne, daidai shigar gora ɗaya, an zuba toka a ciki. Ba a shiga. Doguwar igiya ce guda, a ɗaura goruna a jere, a tura su ciki da gwangwala, da safe a ja igiya su fito ɗaya bayan ɗaya. Haka muka tarar, haka muka ci gaba. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ramin ya ƙare.

Yanzu sai shekarar wahala. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Lokacin Baba Alu ya tsufa ya koma gida, sarautar fito tana hannun Ɗan Tani. Gari ya ɗauki sabon salo, an rufe gidajen giya, masu su suka kwashe suka koma ƙetaren iyaka. A mashiginmu ma jama'a suka haɗu suka kafa masallaci na kwano da zana, can baya da kanya, a wani fili mai tsauri da ya kwanta sumul kamar an daɓe shi. Muka ji daɗi, don da a kan yashi muke salla. Liman shi ne Malam Ilu, mutum mai tsanani amma mai gaskiya, kuma shi ne shugaban kwamitin unguwa da ke lura da tarbiyya.

A watan tsakiyar damina aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Gulbi ya cika ya haura inda bai taɓa haurawa ba. Da ya ɗan ja baya muka je duba rami, sai muka tarar gaɓa ta zube ta rufe bakin, ga guntun igiya na lilo. Wani makiyayi ya ce ya ga goruna biyu sun wuce suna rawa a kan ruwa, sun nufi Maraɗi ba fasfo. Muka sallama cewa duk sun tafi. Gora kuwa ba a sayensa a kanti. Sai ka nemo iri, ka shuka, ka jira ya ƙosa ya bushe. Muka ari wasu ƙanana guda uku a wani ƙauye muna lallaɓawa.

Ba a yi kwana nawa ba aka sake ruwa, gulbi ya sake hawa. Muna sallar la'asar a masallacin, muna sujada, sai ƙasa ta ce dum a ƙarƙashin goshinmu. Ta sake. Sai wani gurnani ya biyo baya, kwano ya ɗauki kaɗawa, butoci suka faɗi. Ba zan ɓoye muku ba, sahun baya bai jira sallama ba. Malam Ilu dai ya ƙarasa sallarsa.

Kafin magariba labari ya kai Jibiya cewa an yi girgizar ƙasa a Mashigin Kanya. Daga nan kuma abin ya zama ka'ida. In aka yi ruwa mai yawa gulbi ya hau, sai ƙasa ta yi motsi. In ya sauka, ta yi shiru. Mutane suka kasu. Wasu suka ce nauyin ruwa ne ya fi ƙarfin ƙasa. Wasu suka ce madatsar ruwan da ke sama da gari ce za ta fashe. Amma maganar da ta fi yawo ita ce, me ya sa duk faɗin ƙasar Katsina sai a mashiginmu? Ai ta nan masu zuwa shan giya a ƙetare ke bi. Ai masu fito ke tura su. Ƙasa ce ta gaji.

Gaskiya ne wasu na bi ta nan. Mu ba mu tambayar mutum inda za shi. Mai zuwa gaida mara lafiya da mai zuwa abin da ya kai shi, rungumar gora ɗaya suke yi. Amma mu ma tsoro ya kama mu kamar kowa. Mata suka daina zuwa, in ban da Ladi, wadda ta ce daddawarta ba ta san girgizar ƙasa ba.

Kwamiti ya zauna a inuwar kanya, don ba mai son zama a masallacin. Malam Ilu ya aika aka kira Bitrus, wani ma'aikacin ruwa, Kirista ne daga kudancin Kaduna, shi ke zuwa kan babur yana duba ma'aunin gulbi. Mun saba da shi, mun sha tura shi da babur ɗinsa a kan goruna huɗu da aka ɗaure wuri ɗaya.

Malam Ilu ya ce, "Malam Bitrus, kai ka yi boko. Don Allah gaya muna gaskiya, ruwan sama na iya kawo girgizar ƙasa?"

Bitrus ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Malam, ba zan ce maka a'a ba. Abin da aka koya mana, babbar girgizar ƙasa daga can ƙarƙashi take tasowa, inda manyan duwatsu ke gogar juna, ruwan sama ba ya kaiwa can. Amma a ƙasashe masu tsaunuka, in dutse dama yana da tsaga yana jiran ya zame, ruwa mai yawa kan shiga tsagar ya sa ya zame da wuri, a ji 'yar girgiza. Manyan madatsun ruwa ma an ce sukan yi haka. A nan dai ban taɓa ji ba. Kuma wadda za ta kaɗa masallaci ta bar kanyar nan tsaye, ban karanta irinta ba."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, amma yawancin mutane farkon maganar suka riƙe, suka bar ƙarshen. Wani ya ce, "Kun ji ko? Ko na boko ya ce ana yi." Aka yanke shawara cewa in ƙasa ta sake motsi, za a rufe Mashigin Kanya, kowa ya bi ta gada. Malam Ilu ya dube mu ya ce, "Ba ƙinku nika ba, Ɗan Tani. Rayukan mutane ne a wuyana."

Ɗan Tani ya ce, "Allah gafarta Malam, mu ma a wuyanmu suke, kullum."

Ku gane abin da wannan ke nufi. Mashigi gado ne, ba a ɗaukarsa a kai wani wuri. Gaba da mu duwatsu ne, baya da mu laka ce mai riƙe ƙafa. In an rufe, gidajenmu sun rasa abincin damina, sana'ar da muka karɓa daga Baba Alu kuma ta mutu a hannunmu.

Da aka watse Bitrus bai tafi ba. Ya ce maganarsa ta ja mana, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya roƙe mu in gulbi ya sake hawa mu aika masa.

Ranar kasuwa ce ta gaba aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar gulbi ya fara kumfa ja, yana tafe da karare da rassan itace. Muka aika, Bitrus ya zo a jiƙe, ya aro kwanoni wurin mai shayi, ya cika su da ruwa, ya jera su a ƙasa: ɗaya gindin kanya, ɗaya bakin hanya, ɗaya ƙofar masallaci, ɗaya ciki. Jama'a suka taru nesa-nesa suna kallo, har da 'yan kwamiti. Ba a jima ba ƙasa ta ce dum. Wasu suka ruga. Bitrus ya bi kwanoninsa yana dubawa. Na gindin kanya ko motsi bai yi ba. Na bakin hanya haka. Na ƙofa ya ɗan yi rawa. Na ciki kuwa ya fantsama har ya jiƙa tabarma.

Ya ce, "Abin nan bai fi faɗin ɗaki ba. Kuma ba nisa, kusa yake."

Ɗan Tani ya karɓi ƙwarya hannun Ladi, ya zazzage mata daddawa a zane tana zaginsa, ya cire takalmi ya shiga masallacin. Na bi shi, ba don jarumta ba, don dai ban saba barinsa ya shiga wuri shi kaɗai ba. Ya yaye tabarma ya kifa ƙwaryar, ya kwanta ya ɗora kunne. Ƙasa ta buga. Na ga ya rufe ido. Ta sake bugawa. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na zaci kuka yake, ashe dariya ce.

"Mamman, zo ka ji."

Na kwanta na sa kunne. Ni dai gurnani nake ji.

"Ba ka ji ba? Saurara ƙasa da wancan mai ƙara. Ga shi nan. Wallahi Barde ne. Ga Mai Wuya nan kusa da shi. Wanga mai shaƙaƙƙiyar murya kuwa naka ne, wanda nac ce ka kai wa gyartai ka ƙiya."

Sai a lokacin hankalina ya haɗa abin. Ramin kakanninmu bai tsaya bakin gaɓa ba, ya miƙe har nan. Filin da muka ga ya yi sumul muka kafa masallaci, rufin ramin ne. Goruna ba su tafi ba, an rufe su ne a ciki. In gulbi ya hau, ruwa ya tsiyayo ta cikin yashi ya cika ramin, sai su taso da iskarsu su riƙa dukan rufi suna dukan juna, kamar shanu a cikin mota.

Ɗan Tani ya fito ya durƙusa gaban Malam Ilu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, izini nika nema in haƙa cikin masallaci."

Wani ɗan kwamiti ya ce, "Ka ji sabon salo! Sun jawo muna bala'i, yanzu kuma ɗakin Allah za su tona."

Malam Ilu ya ce, "Mi ka ciki?"

"Gorunana, Malam."

"Ka gan su?"

"Na ji su."

"In anka tona ba su?"

Ɗan Tani bai ko dube ni ba, ya ce, "Mu da kanmu za mu rufe mashigi, mu mayar da ƙasa, ba sai an kore mu ba."

Malam Ilu ya dubi masallacin. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa ya ba wani ya riƙe, ya ce, "In za a tona, ni zan fara sara, kada a ce wani ya yi wa masallaci rashin ladabi. Ku kawo diga."

Ya yi bisimilla ya sara. Muka karɓa, ni da Ɗan Tani da Bitrus, wanda ya tsaya daga ƙofa yana kwashe ƙasa da kwanon shayi har Malam ya ce masa ya shigo, yau aikin gayya ne. Ba mu yi zurfin gwiwa ba diga ta daki itace. Azara ce ta giginya, an jera ta tun zamanin da ba wanda ya tuna, ta yi baƙi amma ba ta ruɓe ba. Muka zura gwangwala muka ɗaga guda biyu. Ruwa ya bulbulo. Sai ga wani baƙin abu ya yi tsalle ya fito har ya kusa taɓa kwanon rufi, ya faɗo ya gangara ta ƙofa ya nufi jama'a.

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Wanda ya ce za mu tona ɗakin Allah, a kan kanya aka same shi. Ladi ce kaɗai ba ta gusa ba. Abin ya zo ya tsaya a ƙafarta, ta duba ta ce, "La ilaha illallahu! Barde, kai ne ka hana ni ciniki?" Ta kai masa duka da zane.

Sai sauran suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, da guntun igiyarsu, Ɗan Tani na tsaye cikin ruwa yana kiran sunan kowanne kamar mai karɓar baƙi. Dariya ta ɓarke tun daga masallaci har bakin hanya. Malam Ilu ya zauna a kan ƙasar da aka tona, laka har gemu, yana dariya yana share ido. Da ya samu numfashi ya ce, "To, jama'a, komi da izinin Allah yake motsi, ko dutse ko gora. Amma wanga dai gora ne."

Wani ya ce, "To maganar masu zuwa ƙetare fa?"

Malam ya juya ga Ɗan Tani ya ce, "Abu guda nika so. Kada ku ƙetaro da mai maye."

Ɗan Tani ya ce, "Allah gafarta Malam, wagga doka ta girme mu duka. Mai maye ba ya riƙe gora. Tun zamanin Baba Alu, can ƙetare yake kwana kan yashi, sauro su yi mashi wa'azi, in ya wartsake mu kawo shi."

Malam ya ce ya yarda da wa'azin sauro.

Ba a rufe mashigi ba. Mu muka ɗauki nauyin matsar da masallaci zuwa inda Bitrus ya gwada da kwanoninsa ya ce ƙasa ce har ƙasa. Muka gyara bakin rami, muka mayar da azara, muka kafa duwatsu kewaye da rufin don kada wani ya sake ganin fili mai kyau ya yi sha'awa. Ranar da aka yi tonon kuwa, da yamma muka tura 'yan kasuwa gida a kan gorunan da suka kore su daga salla, kowa na son a ce shi ya hau Barde.

Bayan shekaru na sake tambayar Bitrus, lokacin da za a mayar da shi wani gari, ko yanzu ya samu amsar tambayar Malam. Ya ce amsar tana nan yadda ya faɗa, a wasu wurare ruwa kan taɓa abin da dama ke jiran taɓawa, amma a Jibiya girgizar ƙasa ɗaya ya sani, kuma ya hau ta da babur ɗinsa.

Yanzu an yi kwalbati kusa da kanya, kuna wucewa a kai da acaɓa ba ku ko duba ƙasa. Ban ce laifi ne ba, sauƙi ne Allah ya kawo. Gorunan sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wasu gara, wasu tsufa. Barde ne ya rage. Iyalin Ɗan Tani sun aiko mini da shi bayan addu'ar bakwai, sun ce shi ya ce a kawo. Yana rataye a zaurena, inda rana ba ta kaiwa.

Jiya na sauke shi na shafa masa mai, na ƙwanƙwasa. Muryarsa ta ɗan shaƙe. Akwai tsaga a wani wuri. Na juya shi ta kowane gefe, na bi shi da yatsa tun daga wuya har gindi, ban gano inda take ba. Da can in haka ta faru, miƙa wa na kusa da ni nake yi.

Saboda haka, saurayin da ya yi maganar wanka, ban san sunanka ba, amma ban riƙe ka ba. In ka samu sarari, ka kashe babur a ƙofar gidana ka shigo zaure. Kunnenka sabo ne. Zo ka ƙwanƙwasa ka gaya mini inda take.